Kalma Arba'in a Minti Ɗaya

Ke da kika turo min saƙo kina tambaya wai me ya hana aurena har yanzu, ko wani ne ya yi min asiri, gyara zama yau in faɗa miki gaskiya. Babu boka a maganar nan, babu maƙiyi. Tafireta ce. E, tafireta dai, keken rubutun nan na ƙarfe da kakanninku suka sani. Ita ta tsaya tsakanina da ɗakin mijina shekara ɗaya da wata huɗu, kuma wallahi duk wadda ta yi dariya Allah ya haɗa ta da irin uwata.

Ummata sakatariya ce. Kar ku ce min ai ta yi ritaya, ita ba ta san da wannan zancen ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga wasiƙun manya, da aka zo sallamarta aka ba ta agogon bango, aka haɗa mata da tafiretar da take aiki da ita tunda babu mai so. Ta kawo ta gida a bayan mota kamar amarya, ta kafa ta a falo kan wani dogon teburin katako, ta ɗinka mata riga mai leshi a baki. Babanmu ya rasu ina shekara huɗu, da yatsun nan goma Umma ta rene mu, mu uku mata. Shi ya sa gidanmu yake da doka ɗaya da ba a taɓawa: babu 'yar da za ta fita zuwa gidan miji sai ta ɗauki shothan kalma tamanin a minti ɗaya, ta kuma buga kalma arba'in a tafireta, kuskure bai wuce uku ba.

Ga waɗanda aka haifa da waya a hannu, shothan rubutun sakatarori ne na sauri, ƙugiyoyi da ɗige-ɗige da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe, mutum yana magana kana kamawa. In ka kalli shafin sai ka rantse kaza ce ta taka tawada ta bi ta kai.

Yayyena biyu duk sun ci jarabawar. Takardun shaidarsu suna nan rataye a falo cikin gilashi, a saman hotunan bikinsu, ba a ƙasa ba. Akwai ƙusa ta uku da Umma ta buga tun ina firamare, ita ce tawa, har ta yi tsatsa tana jira.

Ina shekara tara aka sa ni a layi. Kuma kar ku zaci an bar ni na taɓa tafiretar, ina! Umma ta ce su a makarantarsu su arba'in da biyu ne a aji, keke ɗaya ne mai aiki, saboda haka kowa a kwali ya koya. Ta yanko kwalin sabulu, ta zana da'irori ta rubuta harufa a ciki, ta ajiye min a cinya. Shekara guda cur ina buga kwali. In na kai ƙarshen layi ni ce zan ce "ƙil!" da bakina a madadin ƙararrawa, in ɗaga hannun hagu in tura iska gefe kamar na mayar da kan keke. Ranar da na manta ban ce "ƙil" ba, Umma ta ce na fita daga takarda na yi rubutu a kan teburin gwamnati, ta sa na goge teburin da tsumma. Teburin da ban rubuta komai a kai ba, jama'a.

Tana ɗora min kwabo a bayan kowane hannu, in ya faɗi a sake daga farko. Tana buga rula a gefen kujera, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ni kuma ina bin kiɗan: a, s, d, f, j, k, l. Ta ce malamarsu, wadda suke kira Madam Rula, ta taɓa korar wata ɗaliba daga aji saboda ta yi atishawa ba a ƙarshen sakin layi ba. In Umma tana ba da wannan labarin har idonta ƙyalli yake yi, kamar tana zancen wata waliyyiya.

Da na kai shekara goma aka ɗaga ni zuwa keke na gaske. Ranar ce na fara jin kukan harafin "a". Maɓallinsa ya tsufa, duk bugu sai ya yi wani siririn "ƙii" kamar ɓera ya shiga tarko. Na ce Umma a sa masa mai mana. Ta ce in na kuskura na sa wa "a" ɗinta mai sai ta sa min a ido.

To haka na girma. Shothan kam na ci tun ina aji biyar na sakandare, don wannan jarabawar da baki ake yi, ta yi shifta in kama, in karanta mata abin da na kama. Tafiretar ma ban damu da ita ba, tunda babu wanda nake so. Sai Allah ya kawo Mai Awo.

Ma'aikacin awon filaye ne, dogo, mai gilashi, kullum da tef ɗin awo a aljihun gaba inda mutanen kirki suke sa biro. Na haɗu da shi a shagon da nake aikin buga takardu a kwamfuta, ya kawo taswira a yi masa kwafi. Mutum ne mai hankali, mai tsafta, mai kunya. Aibinsa ɗaya, kafin ya gama jimla ɗaya ka dafa shayi ka sha. Amma ni wallahi haka nake son kayana, don duk kalmar da ta fito bakinsa ta riga ta nuna.

Ranar da ya fara zuwa gidanmu na sa doguwar rigata ruwan toka mai duwatsu a wuya, na yafa farin mayafi, na fesa turare har sau uku. Na shigo falo da tire, sai na tarar Umma ta jawo kujera bakin ƙofa, ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, littafin shothan a gwiwa, fensir biyu a fiƙe, ɗaya a hannu ɗaya a bayan kunne.

Na ce, "Umma, lafiya?"

Ta ce, "Ku ci gaba, kamar ba na nan. Duk zaman da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa bawan Allah ya gyara gilashi, ya gaishe ta, ya gaishe ni, ya sake gaishe ta. Bayan kamar rabin awa Umma ta ajiye fensir ta yi ajiyar zuciya.

"Yaro, kalma goma sha tara kake yi a minti ɗaya. Kai ba ka buƙatar shothan, ko da dogon rubutu sai in jira ka."

Washegari da safe rahoton zaman ya fito, bugun tafireta, kwafi uku da takardar kabon, ɗaya nasa, ɗaya nawa, ɗaya na fayil. Har yau ina da nawa, bari in kwafo muku kaɗan:

"Abu na ɗaya: Gaisuwa, minti bakwai. Abu na biyu: Baƙo ya ce 'yar gida ta yi kyau. 'Yar gida ta ce, kai dai. Abu na uku: Shiru, minti huɗu. Abu na huɗu: Baƙo ya sha lemo, ya ƙware."

Na ce shi ke nan, ya gudu. Wane namiji ne zai dawo? Sai ga shi da yamma, ya karanta rahoton tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Umma... a gafarce ni... shirun nan... minti biyar ne." Umma ta kalli wajensa, sannan ta ce a gyara. Daga baya ta ce min a duk samarin da suka taɓa shigowa gidan nan, har da mazan yayyena, wannan ne kaɗai ya san darajar takarda.

Na ce to Alhamdulillahi, sai jarabawa. Nan fa aka fara wasan.

Duk ranar Asabar ƙarfe goma na safe nake zama. Umma za ta rufe min hannuwa da wani baƙin ƙyalle don kada in kalli harufa, ta kafa min tsohuwar wasiƙar gwaji a gefen hagu, wadda ta yi ja don tsufa, ta murɗa agogon kicin mai ƙararrawa zuwa minti biyar. Ita ba ta ƙirga kalmomi a takarda, ƙararrawar keke take ƙirgawa, kowane layi kalma goma. In agogo ya kaɗa sai ta zare takardar, ta ɗora gilashinta mai sarƙa, ta zaro jan biro.

Asabar ta farko na yi talatin da ɗaya, na faɗi, ban yi musu ba. Na dage, na yanke farcena da na shekara ina tarawa, na koma buga kwali a shago in babu kwastoma. Na kai talatin da takwas. Na kai arba'in da huɗu. Amma daga ranar da na haye arba'in sai jan biro ya haukace. Kullum kuskure huɗu. Ba biyar ba, ba uku ba, huɗu cif.

"Umma, wannan kalmar da kika zagaye ai daidai take."

"Ba ta zauna da kyau ba."

"To wannan fa? Nan ai babu rubutu ma, farar takarda kika zagaye."

"Wurin ya yi fari da yawa. Madam Rula da ta gani da kin sha rula."

Na shiga ɗaki na yi kuka har da majina. Na kira Yaya Babba, wadda take aure a nesa, na ce ta yi wa Umma magana. Ta ce, "Auta, ni sau biyu na zauna na ci. Ke dai kin saba da waya ne, manyan yatsu biyu kawai kike motsawa." A guruf ɗin gida kuwa an mayar da ni abin nishaɗi, duk Asabar da azahar sai wani ya turo, "Nawa aka ci yau?" a bi shi da fuskokin dariya. Kawu, ƙanin babanmu, wanda shi ne zai ba da aurena, ya ce shi a shirye yake tun bara, amma ba zai karɓi kowa ba sai ya ga wasiƙar Umma, don ya taɓa tsallake ta a wata magana, ta aika masa da takardar gargaɗi kwafi uku.

Ana cikin haka, ranar wata Talata ina shago, saƙon Mai Awo ya shigo. Na ga "yana rubutu" ya fi minti goma kafin ya iso.

"An yi min canjin wurin aiki. Nesa ne, kwana guda a mota. Shekara uku."

Na rubuta, "Yaushe?"

"Ƙarshen wata. Akwai gida mai ɗaki biyu, amma na masu iyali ne. In ban kai takardar aure ba kafin ranar, za a ba wani, ni a sa ni ɗakin gwauraye."

"Shekara ukun?"

"Shekara ukun."

Na ƙirga a yatsu, Asabar uku suka rage, kuma ko an ci sai an bar wa Kawu aƙalla sati biyu ya shirya. Wato Asabar ɗaya ke gare ni. Ko in ci ranar, ko in zauna shekara uku ina soyayya da mutumin da saƙonsa ɗaya yake cin minti goma.

Da ya zo ranar Alhamis ya faɗa wa Umma da bakinsa. Fensirinta ya tsaya cak, abin da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Kwana guda a mota?" Ya ce e. Ta ce, "To." Ta miƙa masa biro ya sa hannu a rahoton zaman da ya wuce, sai da ya miƙa hannu wajen kujerar da ke gefensa kafin ya karɓa. Ya sa hannu, ya tsaya yana kallonta. Can sai ya miƙe, ya zaro tef ɗinsa, ya durƙusa gaban teburin tafireta ya fara awo. Tsawo, faɗi, tsayi, har da ƙafafu.

Umma ta ce, "Me yake yi?"

Na ce, "Teburinki yake aunawa."

"Don me?"

Na tambaye shi da ido, ya rubuta wani abu a tafin hannunsa ya koma ya zauna. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata ni ina nan ina ƙonewa, shi sana'a ta motsa masa. Rahoton ranar ya fito da "Abu na uku: Baƙo ya auna teburi ba tare da ya ba da dalili ba."

Asabar ta zo. Umma ta fito cikin kayan ofis ɗinta, siket da kwat ruwan ƙasa masu ƙamshin kafur, takalmi mai ɗan tudu, ɗankwali an ɗaura shi tsaf. Ni ma dole na yi shigar aiki, riga mai dogon hannu a goge, don ta ce ba a zama gaban keke da kayan barci. Mai Awo yana waje cikin motar ofis ɗinsu ƙarƙashin bishiya tun ƙarfe tara, ya turo min, "Ina nan." Kalma biyu, na san ya yi ƙoƙari.

Na zauna, na saka takarda, na daidaita gefe. Umma ta yafa min baƙin ƙyalle a hannu. Na ɗora yatsuna a layin tsakiya, na yi bisimilla. Daidai lokacin da ta kama agogo za ta murɗa, gumi ya gangaro min cikin ido, na zaro hannuwa na share da sauri na mayar ƙarƙashin ƙyallen.

"Fara!"

Jama'a, ban taɓa gudu irin na ranar ba. Idona a kan wasiƙar gwaji, ban kalli takardata ko sau ɗaya ba, yadda aka koya min. Yatsuna suna tafiya da kansu, ƙararrawa tana ƙil, ƙil, ƙil, ina tura kan keke kamar ina marin maƙiyi. Ina bugawa ina cewa a raina, wannan na gida mai ɗaki biyu ne, wannan na guruf ɗin gida ne, wannan na Madam Rula ne duk inda take kwance. Da agogo ya kaɗa na ƙirga ƙararrawa ashirin da shida. Kalma hamsin da biyu a minti ɗaya! Ko Yaya Babba ba ta taɓa kaiwa nan ba.

Sai na kalli takardar.

Inda ya kamata a ga "Ranka ya daɗe," abin da na gani shi ne "Tsmls us fsfr." Na duba layi na biyu, haka. Na uku, haka. Har ƙasa babu kalma ɗaya ta 'yan Adam. Ashe da na share gumi na mayar da hannuwana, sai suka sauka gefe da maɓalli ɗaya, duk yatsun suka matsa dama. Minti biyar ina zuba gudu a kan hanyar da ba ita ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ko kuka na kasa. Umma ta zare takardar, ƙiiir, ta ɗora gilashi, ta cire murfin jan biro. Na sunkuyar da kai ina jiran ta zagaye shafin gaba ɗaya da da'ira guda.

Ta bi takardar da biro daga sama zuwa ƙasa, a hankali, tana gyaɗa kai. Ta mayar da murfin.

"Babu kuskure. Kin ci."

Na ɗago. "Na'am?"

"Na ce kin ci. Hamsin da biyu, babu kuskure ko ɗaya. Ɗauko min hatimi."

Wayata tana ta zuu a cinyata, na san shi ne. Abin da na shekara ina roƙo ga shi an miƙo min, in tashi kawai in ɗauko hatimi in fita da gudu. Amma na kasa tashi. Na tsaya ina kallon Umma, na ga idonta ba a kan rubutun yake ba, yana can wajen gefen takardar. Sai abubuwa suka fara dawo min ɗaya bayan ɗaya. Farar takardar da ta zagaye. Talabijin da ta daina kallo ta ce rediyo ya fi ilimi. Shayin da take zubawa a gefen kofi ta ce kofin ne ya karkace. Da ranar da Mai Awo yake durƙushe a gabanta da tef, ta tambaye ni me yake yi.

Na ce, "Umma, karanta min layin farko."

Ta gyara gilashi ta karanto, tsaf, babu gargada: "Ranka ya daɗe, bisa ga wasiƙarka mai kwanan wata sha biyu ga wannan wata, ina mai farin cikin sanar da kai..." Ta kai har ƙarshen sakin layi. Wasiƙar da ta shekara da shekaru tana ba mu gwaji da ita, ai ko a barci za ta karanta ta.

Na ce, "Umma, ba abin da ke jikin takardar nan ke nan ba. Hannuna ya goce. Shirme na buga tun daga farko har ƙarshe."

Ta cire gilashin, ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Ke, ni za ki faɗa wa? Minti biyar ana bugu a keken nan, 'a' ɗina bai yi kuka ko sau ɗaya ba. Tun layin farko na san kin bar hanya."

"To me ya sa kika ce na ci?"

Ta shafa gefen teburin da tafin hannu.

"Saboda kin ci tun wata huɗu da suka wuce, ranar da kika yi arba'in da huɗu. Kunnena bai ji kuskure ko ɗaya ba, na zaro biro na yi ta zagaye inda hannuna ya faɗa." Ta ajiye biron. "Shekara biyu ke nan rubutu ya daina zama min a ido, Auta. Yanzu fuskarki ma sai kin zo kusa. Na ce in kika tafi, wa zai karanta min takardar magani? Wa zai ce min ɗankwalina ya karkace? Na riƙe ki da jan biro, Allah ya yafe min. Amma shekara uku ba wasa ba ce, ba zan ci miki ita ba."

Nan na fashe da kuka, na faɗa jikin kwat ɗin nan mai warin kafur. Haushi nake ji, tausayi nake ji, kunya nake ji, ni da nake gida ɗaya da ita ban lura ba, ina can ina ƙirga Asabar. Ta bar ni na yi kamar minti ɗaya, sannan ta ture ni.

"Ya isa, za ki ɓata min guga. Saka takarda, kwafi uku. Wasiƙa zuwa ga kawunki."

Na share hawaye, na jera takarda da kabon, wannan karon sai da na leƙa na tabbatar da inda yatsuna suke. Ta miƙe tsaye, hannu a baya, ta fara shifta da muryar ofis: cewa mai sa hannu a ƙasa tana sanar da shi 'yarta ta uku ta cika duk sharuɗɗa, cewa ba ta da ja a kan baƙon da ya saba zuwa, cewa a gaggauta kafin ƙarshen wata. Ta ce, "Ki rufe da, taka a kullum."

Ban rufe ba. Na tura kan keke na ƙara layi ɗaya nawa, ina bugawa a hankali yadda nake zaton ba za ta gane ba.

"Tsaya." Ta ɗaga yatsa. "Wannan layin ba daga bakina ya fito ba."

"Gyara ne kawai, Umma."

"Gyaran gidanku. 'Kuma mai sa hannu za ta koma tare da su, ita da tafiretarta.' Ƙarya na yi?"

Ko harafi ɗaya ba ta kuskure ba. Na ce, "Ɗaki biyu ne, Umma."

"Ni? Gidan suruki? Kina so duniya ta zage ni? A ce sakatariya guda ta tattara ta bi 'yarta ɗakin miji?"

"To ni ma ba inda za ni. Ga takardar jarabawa nan, duk wanda na nuna wa ya san na faɗi. Sai mu zauna mu biyu, mu yi ta Asabar har shekara uku."

Ta zagaya teburin sau ɗaya tana dafa gefensa. Ta ce ni ba ni da kunya, ta ce tarbiyyar waya ce, ta ce a zamanin Madam Rula sakatariyar da ta ƙara wa shugaba magana korarta ake yi a ranar. Ni dai ban zare takardar ba. Can ta tsaya a bayana.

"Ba a ɓata kabon a banza. Ƙara a gaba: 'a matsayin mai sa ido kan aiki, na wucin gadi.'"

Na buga, "a" yana ta kukansa. Na zare takardun na shimfiɗa mata, na ba ta biro. Ta ɗora shi can ƙasa da inda ya kamata. Na kama hannunta na matsar da shi kan layin, ina jiran ta fizge. Ba ta fizge ba.

Sai a lokacin na tuna ban tambayi mai gidan ba. Na ɗora wa mutum suruka da keken ƙarfe a gidan da bai ma shiga ba tukuna! Na ɗauki hoton wasiƙar na tura masa, na rubuta, "Ka karanta layin ƙarshe. In ba ka yarda ba ka faɗa min gaskiya."

Ya buɗe. "Yana rubutu."

Umma ta ce, "Ya amsa?"

"Yana rubutu."

Ta laluba ta murɗa agogon kicin. Ya kaɗa, yana rubutu. Ta sake murɗawa, ya sake kaɗawa, yana rubutu. Mutumin da yake nan ƙofar gida, taku ashirin tsakaninmu! Na ciji mayafina har ya jiƙe. Umma ta zauna a kujerarta ta bakin ƙofa ta haɗa hannuwa a cinya, na ga yatsunta suna buga wani abu a kan siket, ba ta ma san suna yi ba.

A minti na goma sha ɗaya saƙon ya shigo. Na karanta mata da ƙarfi:

"Teburin zai shiga ɗaki na biyu, na auna. Rannan ta miƙa wa kujera biro, ba ni ba."

Umma ta juya fuskarta wajen bango, ta kai bakin ɗankwali ido, ta daɗe a haka. Da ta juyo muryarta ta dawo ta ofis, sai dai ta ɗan dushe.

"Kalma nawa ke nan?"

Na ƙirga. "Goma sha bakwai."

"A minti goma sha ɗaya." Ta girgiza kai. "Ce masa ya shigo ya sa hannu a kwafinsa. Ke kuma duba bayan kicin ki samo min kwali mai kyau, yaron nan daga farko za mu fara."